Tulunan da Ban Cika Ba

Jiya na jefa guga a rijiyar unguwarmu, tsakiyar bazara, na ji ya faɗa ruwa tsundum. In da famfo ka tashi, ba za ka gane ba. Da muna yara, a irin wannan lokaci yashi kawai guga ke kwasowa.

Ƙauyenmu yana gefen gandun dajin gwamnati, tsakanin Kankia da Kusada. Ina aji biyar na firamare malamin daji ya zo da taswira, aka taru ƙofar gidan maigari. Ya ce ruwan damina gudu yake yi ya bar mu, don an sare itacen bakin ƙorama. Za a rufe wannan gefen, ba kiwo, ba sara, kowane gida a ba shi layin dashen gawo da bagaruwa ya raina har ruwa ya sauka. A gindin kowane dashe aka binne tulu mai 'yar huda, a riƙa cika shi yana tsattsafowa.

Babana yana ci-rani, don haka kakata ta karɓi layin gidanmu. Gwiwa ta hana ta tafiya, aikin ya faɗo kaina. Ni kuwa ba ni da haƙuri, har yau ma. Rana na dukan ƙeya, jarka na cin wuya, ga layi har bayan tudu. Sai na riƙa cika tuluna uku na bakin hanya, sauran in yayyafa musu ruwa a baki don su yi kamar an zuba. In na dawo kaka ta tambaya, in ce duk sun sha. Ta sa mini albarka, ta miƙo mini ƙuli-ƙuli.

Ranar zagayen duba dashe, aka ɗora ta a amalanke don ta ga aikinta. Layin kowa ya yi kore, namu, in ban da ukun bakin hanya, ya zama tsinke. Malamin daji ya tura hannu cikin tulu, ya fito da yanar gizo da busasshen ganye. Wata maƙwabciya ta ce dama wa ya ba tsohuwa aikin maza, aka yi dariya. Maigari ya tambayi wanda ke ban ruwa a gidanmu. Ina tsaye gefen amalanken.

Kaka ko kallona ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe, laifina ne. Ni na ce wa ɗiyar nan uku sun isa."

Aka karɓe layin daga hannunta a gaban jama'a. A hanya na jira faɗa, ban samu ba. Abin da ta ce kawai, in karkaɗe mata zane, ya kwashi ƙaya.

An sake dashe a wurin, amma damina ta riga su, ruwa ya zaftare gaɓar. Yanzu gandun ya yi duhu, awaki na cin 'ya'yan gawo a inda aka buɗe musu, ƙasa na riƙe damshi har bayan girbi. Wuri ɗaya ne, inda layinmu yake, ya tsage ya zama kwazazzabo, kowace shekara yana ƙara ci. Yaran yanzu Ramin Tsohuwa suke ce masa, ba su ma san wace tsohuwa ba.

Kaka ta rasu ina sakandare. Ni da ake cewa bakina ba ya ɓoye magana, ban taɓa gyara musu sunan nan ba.