Tsinken Kwallin Gwaggo Delu

Har yau in na ga mace ta lashi tsinken kwalli kafin ta kai shi ido, sai na kawar da kai ina tofar da miyau. Jikokina suna yi mini dariya, wai tsohuwa ta cika ƙyama. Su yi ta dariyarsu, ai ba su san Gwaggo Delu ba.

A wani ƙauye kusa da Mai Yara na tashi, zamanin da Nasara, wato Turawan mulki, ke zaune a barikin Dakoro. Kullum in an ci tuwo, akan hura wutar kara a ƙofar bukkar Kaka, mahaifiyar innarmu, a jefa busasshen kashin shanu don hayaƙi ya kori sauro, mu yara mu kewaye ta. Kaka zaman gidan suruki take yi. Ba ta ɗaga murya, ba ta sa baki a sha'anin dangin Baba. Duk abin da ya tsaya mata a rai, sai ta jira wutar nan ta zuba shi cikin tatsuniya.

Mai faɗa a ji a gidan ita ce Gwaggo Delu, yayar Baba. Tana da wani tandun kwalli da ta saya wurin Abzinawa, kullum yana ƙulle a bakin zanenta, ya yi baƙi ƙirin da maiƙo. Tsinkensa ɗaya ne tal, kuma da shi take yi wa kowa: jinjiri, amarya, baƙuwar da ta zo gaisuwa. A wurinta karramawa ce, wanda ya ƙi ya raina ta. Kafin ta tsoma shi sai ta lashe shi, wai don kwallin ya kama. Ga ta da cin goro da taba, miyaunta ja wur.

Wata shekara, ƙarshen damina, makiyaya suka sauka da shanu a bayan gari, ƙudaje suka yi mana yawa, ciwon ido ya shiga gida-gida. Nawa idanun suka kumbura suntum kamar ƙosai. Da safe kwantsa takan liƙe su, ruwa mai kauri yana gangarowa, ƙudaje suna bina duk inda na zauna. Gwaggo ta duba ta ce bakin mutane ne, maganinsa kwalli, a cika shi sosai.

Da rana tsaka ta matse ni tsakanin gwiwoyinta. Ba ta daɗe da gama yi wa ɗan maƙwabta ba, wanda nasa idon har mugunya yake fitarwa. Na ji ta goga tsinken a zane, na ji ƙarar lasa, warin taba ya bugi hancina. Ta ɓanɓare idona na hagu da farce ta dirza. Na yi ihu har muryata ta dushe. Na dama kuwa ya ƙi buɗuwa duk ƙoƙarinta.

"Bar shi, gobe da sahe ni ka buɗe shi," in ji ta.

Kaka tana gefe tana ɓarar gujiya. Na ji hannunta ya tsaya cak, can kuma ya ci gaba.

Da yamma aka kai ni bakin wuta, ɗuminta kawai nake ji. Gwaggo tana kusa tana kaɗi, Baba yana bayan zana a kan tabarmarsa. Kaka ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta.

"Ga wata nan tahe. Ƙawata, buɗe kunne tunda ido ya ƙiya."

Ta ce wai dabbobin dawa ne za su yi biki, kowa yana son ya fito da kyau. Sai Ƙuda ya zo da tandu ya ce shi gwanin kwalli ne, kyauta ma zai yi. Ba shi da tsinke, da ƙafarsa yake tsomawa. Nan Kaka ta tsaya ta lissafa mana inda ƙafar ta kwana, ba ta rage komai ba: gyambon bayan jaki, hancin raƙumi mai majina, mushen akuya da ya kwana uku a rana, da wurin da yara ke tsugunno a bayan gari. Muka yi ta tofar da miyau muna cewa tir, ita kuwa tana ƙarawa.

Dabbobi suka yi layi. Ƙuda ya taɓa idon wannan ya wuce na wancan. Kwaɗo, da yake mai son banza ne, in an yi masa sai ya zagaya baya ya sake shiga layi. Zabuwa kaɗai ta leƙa ƙafar ta ce, "Malam Ƙuda, yaushe rabonka da ruwa?" Aka yi mata caa, wai ba ta da kunya, ta wulaƙanta mai alheri. Ta yi tafiyarta da idonta fari fes. Ranar biki gari ya waye idanu duk sun kumbura, ba mai ganin ɗan'uwansa. Makaɗi yana kiɗa, masu rawa suna karo da juna. Idanun Kwaɗo kuwa ba su sake saɓewa ba, shi ya sa ya koma tafki yana ta wanki. Ƙuda kuma, in ya sauka, sai ya dinga murza hannu don a ce wankewa yake, alhali ko ɗigon ruwa babu.

"Nan ta tsaya. Wanda bai yarda ba shi tahi tabki shi dubi Kwaɗo."

Mazarin Gwaggo ya daina juyawa.

"Inna, wanga ƙuda naki, a gidanga ya kwana?"

"Ni mi na sani, Delu? Hira ce ta yara."

Gwaggo ta yi tsaki ta shige ɗaki. Baba ya yi gyaran murya a bayan zana. Amma da gari ya waye, kafin Gwaggo ta fito, Kaka ta tafasa ruwa da ɗan gishiri, ta yage sabon ɗankwalinta, ta wanke mini kowane ido da ƙyallensa daban, ta jefa su wuta. Baba kuma ya ɗaura wa jaki akumari. Mutanenmu a lokacin ba sa son kusantar bariki, tsoron aikin tilas bai gama fita daga ransu ba, amma ya kai ni gidan likita a Dakoro. Ma'aikacin da ya duba ni ya matsa mini wani man shafawa, ya ce a raba ni da ƙuda da hannu mai dauɗa, kada kowa ya yi tarayya da ni a ƙyalle. Da ya buɗe na hagu, ya daɗe yana kallo, ya tambayi Baba me aka soka a ciki. Baba ya sunkuyar da kai.

Kumburi ya saɓe. Na dama ya warke garau. Na hagu ya warke da farin tabo a tsakiya, haske kawai yake bambancewa da duhu, kuma haka na tsufa da shi.

Shekaru da yawa ina yabon dabarar Kaka, yadda ta tsirar mini da ido ba ta ɓata da kowa ba. Ina sonta har gobe, Allah ya ji ƙanta. Amma da na girma sai wani haushi ya riƙa taso mini, in na tuna hannun nan da ya tsaya a kan gujiya, ya kuma ci gaba. Ta san abin da ke jikin tsinken tun da rana. Kunyar surukai ce ta sa ta jira a hura wuta, kuma kafin a hura ta, ido ɗaya ya tafi.

Ranar sunan jikata ta fari, wata dattijuwa daga dangin uban ta kwance tandu, ta lashi tsinke, ta nufi jaririyar da shi. Ɗaki cike da surukai. Na riƙe wuyan hannunta gam, na buɗe mata idona na hagu da yatsa na ce, "Hajiya, dubi nan. Mai da abinki, ni ban iya tatsuniya ba."