Ranar da Na Ƙi Shiga Motar Baba

Ni mutumin Haɗeja ne, kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san ba mu da abin hawa sai bishiya da jaki. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, kana tsaye a bakin gari kana hango mai zuwa tun yana ɗan ɗigo. To wai ni ne, da shekara arba'in da 'yan kai, ga tumbi ya fara riga ni shiga ɗaki, na tashi na ce zan je tsibirin Kubrus in yi kwana da kwanaki ina hawan duwatsu da ƙafa. Har yau in na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai.

A tsakiyar shekarun 1980 ne, ina aikin haɗa magunguna a wani asibiti a Riyad, muna zaune a unguwar Jaradiya da matata da yara. Wanda ya jefa ni cikin wannan rigima abokin aikina ne, mutumin Kubrus ɗin, mai gyaran injinan asibiti. Siriri ne, busasshe, ba ya iya zama wuri guda. Wata rana muna shan shayi ya fito da hotunan ƙasarsu: duwatsu lulluɓe da itatuwa, ruwa na gangarowa, 'yan ƙauyuka maƙale a jikin tudu, can ƙasa kuma ga teku. Ya ce duk hutu yakan saɓi jaka ya bi ta cikinsu, ya kwana a wannan ƙauye, gari na wayewa ya nufi wancan. Wallahi ban san abin da ya shiga kaina ba. Na riƙe hoto ɗaya na kasa ajiyewa. Tunda na girma ban taɓa yin wata tafiya don raina yana so ba, kullum ko karatu, ko aiki, ko biki, ko ta'aziyya. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Bana da ni za ka."

Ya dubi fuskata, ya dubi cikina, ya daɗe a kan cikin. Ya ce shi ba ya wasa da dutse, don ya taɓa ɗaukar wani mai cika baki, ƙarshenta sai da ya goyo shi. Saboda haka ya gindaya min sharaɗi. Kafin hutu ya zo, in zaɓi rana guda, in saɓi jaka mai nauyin kayan da zan ɗauka can, in fita bayan sallar asuba, in yi ta tafiya har la'asar, in same shi a ƙofar Unguwar Ofisoshin Jakadanci, inda suke zaune saboda aikin matarsa. "Ka ɗora ko ƙafa ɗaya a mota, magana ta mutu," in ji shi. "Ni kaɗai zan yi tafiyata."

Na ce wannan ai ba komai ba ne.

Da na gaya wa matata, tana tsaye tana yanka albasa, ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Yallaɓai, kai da kake tayar da mota don sayen burodi a baƙala, ɗan shagon nan da ke bayan gidanmu?" Na yi kamar ban ji ba. Na je kasuwar Baɗha na sayo takalmi mai kauri da wata shirgegiyar jakar goyo mai igiyoyi ta ko'ina, wadda sai da na yi gumi kafin na gane inda hannu ke shiga. Abin da zan cika ta da shi ne babu, sai na shiga kicin na juye mata shinkafar gida. Matata ta ce ta ji ta gani, amma a dawo mata da abarta ba ƙwaya ɗaya da ta yi ciwon kai.

Ni duk tunanina ƙafa ce za ta ba ni matsala, ko numfashi. Ashe mutane ne. A Riyad ta wancan lokaci babu mai tafiya a ƙasa sai wanda wani abu ya samu. Lokacin sanyi ne, iska mai daɗi, na fito ranar Alhamis ta farko, don ita ce ranar hutunmu a can, ina taku ina jin kaina, ko unguwa ban gama fita ba wani Balarabe ya taka burki ya leƙo yana "Tafaddal, tafaddal!" wato bismilla in shigo. Na dafa ƙirji na yi godiya. Na biyu ya tsaya, na uku ya tsaya. Na huɗun motar shurɗa ce, wato 'yan sanda. Suka karɓi iƙamata, wato takardar izinin zama, suka duba, suka ce in buɗe jaka. Ɗayan ya tura hannu har gwiwar hannu cikin shinkafa yana lalube, bai sami komai ba sai shinkafa. Na yi masa bayani da guntun Larabcina cewa motsa jiki nake. Ya kira ɗan'uwansa ya maimaita masa, suka yi dariya har da riƙe ciki, sannan cikin mutunci suka ce sam ba za su bar likita a titi ba. A motarsu aka sauke ni a ƙofar gida, maƙwabta na kallo ta taga.

Balarabe dai ka iya dafa masa ƙirji ya wuce. Naka fa? Akwai wani dattijo da duk muke kira Baba, aminin mahaifina ne tun suna samari, ya daɗe a Saudiyya yana riƙe da garejin wani Balarabe a unguwar Gubaira. Shi ya tarbe ni ranar da na fara sauka a garin, a gidansa na ci tuwon farko. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara, irin wadda a can ake ce wa wanet, kullum yana kan hanya da ita neman kayan gyara. Ban san yadda ake yi ba, amma duk hanyar da na bi, ko ta gabas ko ta yamma, sai na ji wannan hon ɗin nasa mai kama da kukan akuya a bayana.

"Subhanallahi! Dakta, kai ne a ƙasa? Ina motar?"

"Tana gida, Baba, lafiyarta ƙalau."

"To shiga."

Sai in shiga. Yo me zan ce? Mutumin da ya yini a tsaye cikin baƙin mai, in dube shi in ce masa jirgi zan hau in je wata ƙasa don in wahalar da kaina a kan dutse? Kunya ba ta bar ni ba. Shi kuma da ya ga ina sunkuyar da kai ba na son magana, sai ya yanke hukuncinsa. Ba a jima ba labari ya zaga duk inda Bahaushe yake a Riyad, wai kafil ɗina, wato asibitin da ya kawo ni, ya soke kwantiragina, mota ma an karɓe, ina ɓoyewa ne kawai, har shinkafa a baya nake ɗaukowa. Mata suka fara sallama a gidanmu da kwanukan abinci, suna ba matata haƙuri, suna cewa kowa da irin jarrabawarsa. Ita kuwa baiwar Allah sai ta karɓa ta yi godiya, ta ce ai kwana biyu ta huta da girki. Ni ne abin ya ƙona wa rai. A masallaci mutane na riƙe hannuna su daɗe ba su saki ba.

Haka Alhamis ta bi Alhamis, ban taɓa kai ko hantsi a ƙasa ba. Abokina ya daina tambayata, abin da ya fi tambayar ciwo. Da ya rage saura Alhamis ɗaya kafin a rufe maganar hutu, ya ce min a hankali, ba komai, wataƙila baɗi. Na san babu wata baɗi. In ban je bana ba, na san kaina, jakar nan za ta ƙare a saman kwaba an cusa mata tsofaffin kayan yara.

Ranar na fita tun da sauran duhun asuba, na yi zagaye mai nisa ta kudu don tafiyar ta kai la'asar. Na dafa ƙirji ga Larabawa har ƙirjin ya fara zafi. Rana ta ɗaga, na fara cewa yau kam na tsira, sai ga kukan akuya.

Baba ya miƙo hannu ya buɗe ƙofa, ko gaisawa ba mu yi ba. "Shiga."

Na tsaya. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, yau ba zan shiga ba."

Ya kashe mota. Tunda nake ban taɓa ce wa mutumin nan a'a ba, shi ma ya san haka. Na durƙusa a gefen ƙofar da jakata a baya, na kwashe komai na gaya masa: aikina na nan, motata na nan, ga tsibiri, ga duwatsu, ga sharaɗin da aka sa min. Ya saurara har na gama.

"Biyanka za a yi?"

"A'a, Baba."

"To me ke saman dutsen?"

"Babu komai. Iska ce, sai kallo."

Ya dube ni, ya dubi jakar, sai ya kifa kai a kan sitiyari. Na ɗauka ɓacin rai ne, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa, har hular kansa ta faɗo. "Shinkafar fa? La ilaha illallahu! Mu muna can muna yi maka addu'a bayan kowace salla!" Da ya lafa ya share ido, sai kuma fuskarsa ta canja. Ya ce, "Na ji. Amma ni ba zan wuce ɗan aminina a titi da kaya a baya ba. Gobe in na haɗu da babanka in ce masa me?"

Na ce, "Ni kuma Baba ba zan shiga ba."

Ya ce, "To." Ya ja ƙofa ya rufe, ya tayar da mota, ya kunna fitilun gefe suna ƙyaftawa. "Wuce gaba."

Haka muka kama hanya, ina gaba yana biye da ni a giya ɗaya, motar na tari tana ƙugi. Duk wanda ya rage gudu zai tsaya, Baba ya fito da hannu ta taga ya kore shi. In Balarabe ne ya ce masa "Halas, yalla," wato ya isa, ya wuce, in namu ne ya ɗaga murya yadda duk titi zai ji: "Ku wuce, ba korarsa aka yi ba! Dutse zai je hawa!" Wasu ɗalibai 'yan Nijar suka sayo min ruwa da laban, wato nonon can, suka miƙo ta taga suna min kirari. Wani injiniya ɗan Sakkwato ya bi mu a baya na ɗan lokaci don kawai ya ga ƙarshen abin, ya gaji ya tafi. Da azahar muka tsaya a wani ƙaramin masallaci, na sauke jaka na ji kamar zan tashi sama.

Bayan salla ne abin ya zama ba wasa. Takalmin nan sabo ya ci dugadugaina, igiyoyin jaka suka nutse a kafaɗa, cinyoyina suka riƙa gugar juna har na koma tafiya a buɗe. Titi ya miƙe ba inuwa ba ƙarshe. Na fara zagin abokina a zuci, na zagi hotunansa, na zagi bakina da ya ce da ni za a. Na waiga na ga kujerar nan ta kusa da Baba, babu kowa a kai, ga inuwa. Na ce a raina, Haɗeja ma ai gari ne, wa ya aike ni? Na juya na kama marfin ƙofa.

A kulle. Baba ya danna maɓallin tun kafin in iso.

"Baba, buɗe. Na haƙura."

"Wa? Ni?" Ko kallona bai yi ba. "Ka sa na bar gareji a hannun Allah, na shelanta wa rabin Riyad dutse za ka hau, sannan yanzu ka kunyata ni? Saki min ƙofa. Wuce mu tafi!"

Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah. Ya ɗaga gilashi. Haushi ya kama ni sosai, irin wanda na manta rabona da shi, kuma ina jin haushin nan ne ya ɗauke ni sauran tafiyar, don ƙafa dai ta riga ta gama nata. Ina tafe ina ƙunƙuni, yana biye yana danna min hon duk sanda na rage sauri.

Ana kiran la'asar muka hango ƙofar unguwar. Abokina na tsaye kusa da masu gadi, ya harɗe hannu. Ya ga mutum na jan ƙafa, ga a-kori-kura na rarrafe a bayansa, sai ya ɓata fuska ya nuna motar, ya tambaye ni ko a ciki na zo. Kafin in sami numfashin amsawa Baba ya sauke gilashi ya yi masa rantsuwa da Larabci, irin wadda har masu gadin sai da suka gyaɗa kai. Abokina ya ɗaga jakar ya ji nauyinta, ya dubi takalmina, ya yi murmushi. Ya ce in je in nemi bizar fita da dawowa, tafiya da ni.

Na juya in yi wa Baba godiya, sai na ga yana ƙoƙarin fitowa daga mota ya kasa. Ƙafarsa ta hagu ta sandare, yini guda tana kan kuloci. Sai da ya kama ƙofa ya sauko da ƙyar, ya ɗingiso ya zo ya zare jakar daga hannun abokina, ya jefa ta bayan mota da kansa. Ya zagaya ya buɗe min ƙofa.

"An gama ko? To shiga, ɗana, don girman Allah. Tun safe nake kallon bayanka, raina bai kwanta ba."

Na shiga. Ya tayar da mota, ƙafar na rawa a kan kuloci, ni kuwa na juyar da fuskata waje don kada ya ga idona.