Tukunyar Kunun Angamma Tana Gidana

Ranar Talata, ashirin da biyu ga Yuli, maƙwabciyata Angamma Naicker ta rasu a gidanta da ke Chatsworth, ana tsakiyar watan Uwa Mariamman, wadda muke bauta wa. Mun kai ta, an ƙone gawa, mun dawo. A wurin, kowa ya yi jawabi, ni kuwa ba wanda ya ce in tashi. Ban yi makaranta ba, ba na cikin kwamitin ɗakin bauta, mutanen da suka karɓe gangar da nake kaɗa wa Uwa suka kawo lasifika. To, ga nawa, ko sun so ko sun ƙi.

Yaya Angamma, mota ɗaya ta kwaso mu lokacin da aka tashe mu daga Cato Manor, aka zube mu a nan, katanga ɗaya tsakaninmu. Wasu suka zo da kujeru, ke kika zo rungume da tukunyar ƙasa ta mahaifiyarki. Shekarar da agana ta shiga unguwarsu ta bar ki da rai, tsohuwar ta yi wa Uwa alkawari: kowace shekara a wannan wata za a dama kunun masara mai tsami a raba wa duk mai wucewa. Kika gaji tukunyar, kika gaji alkawarin, bai taɓa yankewa a hannunki ba. Direban tasi, mai shara, Bazulu mai sayar da ayaba, kowa da kofinsa, ga miyar kabewa, ga zogale, ga busasshen kifi. Ba ki taɓa tambayar mutum abin da yake bauta wa ba, sai dai ko ya ƙoshi.

Ban manta da ƙyandar 'yata Saroja ba. Mu dai mun san in ƙyanda ta fito Uwa ce ta ziyarci gidan, amma matata ta ruɗe. Ke kika shimfiɗa wa yarinyar ganyen darbejiya, kika hana a soya komai a gidan, kika zauna kina yi mata fifita har ƙurajen suka bushe. Da matata ta rasu kuwa, kullum sai na ga kwano a kan katanga. Kina ajiyewa kina cewa, “Ci, tsohon banza, kada ka mutu a ce warinka ne ya kore ni.”

Amma tunda gaskiya ake faɗa, kin yi mini laifi. Darbejiyar nan tawa ta gaske ce, ba irin wadda mutane ke maleji da ita ba, ni na raine ta a ƙasar da ba ta so. Wata shekara kika tsallako da adda, ba sallama, kika aske ta don ƙawata wurin Uwa, har rabinta ya bushe. Na yi magana, kika ce, “Itacen Uwa ne, kai gadi kawai aka ba ka.” Ran nan na rantse ba zan ƙara shan kununki ba. Ban kuwa ƙara ba, ke ma ba ki ba ni haƙuri ba. Har yau ni ke da gaskiya.

Makon da ya wuce kika kira ni ta katanga, kina dafe da sanda, muryarki ta shige. Tukunyar na ƙasa, kin riga kin jiƙa garin, kin ɗaure bakin da farin ƙyalle.

“Perumal, ɗauki wannan ka kai gidanka.”

“Gidana ya zama rumbunki ne?”

“Ɗauka, ƙanena, bar surutu. In ta kwana nan, bana ba kunu.”

“Ni ban iya damu ba.”

“Shekara nawa kana leƙena ta katangar nan kana gunaguni? Ka iya.”

Na ɗauka ina mita. Sai ranar Talata na gane. Gidan da aka yi mutuwa ba ya hura wutar Uwa, jinin mamaci ba sa taɓa kayan bauta sai zaman makoki ya wuce, kuma da tukunyar na cikin gidan, da abin da ke cikinta ya tashi aiki. Kin san tafiyarki ta zo. Kika duba duk layin nan, kika zaɓi wanda ba danginki ba, wanda kuma kika san taurin kansa ba zai bar shi ya fasa ba.

Jiya ɗanki Selvan ya same ni, idonsa jawur. Ya ce, “Baba, bana sai haƙuri, alkawarin kaka ya yanke a kanmu.” Na ja shi bakin ƙofar kicin, na ce ya tsaya nan kada ya shiga, ya shaƙa kawai. Tsamin ya riga ya tashi. Yaron ya zauna a dokin ƙofa ya yi ta kuka.

Ranar Lahadi zan hura wuta a tsakar gidana, da itace, da muciyar matata. Ganyen darbejiyar kuma ni zan yanko da hannuna, daidai misali, ba irin yankanki ba. Kowa ya zo da kofinsa, har 'yan kwamiti. Na 'ya'yanki zan ɗora musu a kan katanga, inda kike ajiye mini kwano. Ni ma zan sha. Kada ki yi dariya: ni na dama, saboda haka ba kununki ba ne, rantsuwata na nan.

Uwa Mariamman, mai sanyaya zafin jiki, ki sanyaya wa baiwarki Angamma. Ki yafe mata kurakuranta, har da na darbejiyar, ki karɓe ta kusa da ke kamar yadda ta karɓi kowa a ƙofarta. Ina yi wa Selvan da ƙanwarsa Kamachi da jikoki duka ta'aziyya. Uwa ta ba ku haƙuri, ta ba ku ƙarfin karɓar tukunyarku baɗi. Kafin nan tana hannuna.

Perumal Thambiran, Chatsworth, Durban