Sarkin Rami da Sabuwar Kwalta

Ka taɓa ganin mutumin da gyaran hanya ya sa shi rama? To ga Sarkin Rami, mai facin taya. Direbobi ne suka naɗa masa sarautar, don rumfarsa na daura da wani mugun rami a tsohuwar hanya, wanda mota ba ta faɗa masa ta fita lafiya. Shi kuwa yana zaune kan tsohuwar taya, ga bahon ruwan da yake gano hujin taya da shi, ga injin iska da ya gada wurin maigidansa. Da ramin nan ya yi aure, da shi ya ciyar da 'ya'ya biyar.

Sai gwamnati ta ciyo rance, wani kamfanin ƙasar waje ya iso da manyan injuna. Ranar da katafila ta cike ramin, har da shi a masu tafi. Matarsa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai rawa ranar da aka rushe masa rumbu ba.

Kwalta ta kwanta sumul. Motoci suka ninka, amma wucewa suke kamar kibiya. Tumatir na isa birni bai ruɓe ba, mai naƙuda na isa asibiti da wuri, kowa na sa albarka, baho kuwa ya yi gansakuka. Sarki bai gusa ba, wai inda arziki ya saba samunsa nan zai dawo ya same shi. In an yi ruwan sama, da sassafe zai fita ya daddaki kwaltar da diddige, ko ta fara taushi. Dogo direban tirela, abokin wasansa, in ya zo wucewa sai ya danna ham, ya leƙo yana tambayar lafiyar masarauta.

Da tukunya ta fara kwana ba wuta, ya yanke shawarar sayar da injin ya koma gona. Mai saye ya duba, aka sa ranar ɗauka. Matar ba ta ce kada ya sayar ba. Cewa ta yi ya ɗaukar mata kular ruwan sanyi zuwa sikelin da kamfanin ya kafa can gaba, inda ake auna nauyin manyan motoci don kada su farfasa hanyar. A can take sayar wa direbobi ruwan sanyi.

Ya bi ta yana gunaguni. Da isarsu ya tarar da tireloli jere a layi, direbobi na zagayawa suna bubbuga tayoyi da guntun ƙarfe, suna kasa kunne. Dogo na ciki, yana mitar cewa gudu kan kwalta mai zafi cinye taya yake in iska ba daidai ba, ga shi babu mai gejin auna iskar taya ko ɗaya a wurin.

"Baban yara," in ji matar, "ƙaramar mota ƙafa nawa gare ta?"

Ya ce huɗu.

"Waccan fa?"

Ya soma lissafi da yatsa. Goma sha takwas. Bai gama tirela ta biyu ba ya dire kular, ya juya gida kamar an biyo shi. Ko da mai saye ya zo, injin na kan amalanke ya kama hanyar sikeli.

Yanzu faci kaɗan ne, ƙarin iska kuwa ba hutu. Dogo ya so a sauya masa sarautar zuwa Sarkin Iska, matar ta ce ba dai mijinta ba. Har yau in an yi ruwa yana daddakar kwaltar da diddige, sai dai yanzu addu'a yake ta daɗe, don ya ji rancen har jikokinsa za su taya biya.

In an shimfiɗa sabuwar hanya a wajenku, daure ka gwada: bar inda ka saba zama, bi ta a ƙafa har ka ga inda motoci ke tsayawa, sannan ka ƙirga ƙafafunsu.