Zomon da ya koma na Baba

Zomon ya shigo gidana ne ba da shawarar kowa ba. Wani maƙwabcinmu a Ikara ya tashi zai koma Zariya, aka ɗaure kaya a mota, aka rasa inda za a sa shi, sai ya miƙo mini shi ta kunnuwa ya ce in riƙe. Na riƙe, mota ta tashi.

Fari ne, da baƙi a hanci. Na haɗa masa keji da tsohuwar raga a gindin rumbu, ya duba kejin, ya haƙa rami a gefensa ya shige. Ban yi masa gardama ba.

Matata ta tambaye ni amfaninsa. Ta ce kaza tana ƙwai, akuya tana haihuwa, ko mage tana kama ɓera. Wannan namiji ne, shi kaɗai, haihuwar ma babu. Na ce zan yi tunani. Kafin in gama tunanin ya cinye mata ramar da ta shuka a bayan ɗaki, ya tauna wayar caji, ya ɗanɗana tabarma.

Amfanin da yake da shi ban iya faɗa mata ba. A lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci, gemuna ya fara furfura. Malaminmu ya ce duk wanda yake son bakinsa ya saki, ya riƙa karatu da ƙarfi a gida. Na gwada a tsakar gida, yara suka yi ta ƙunshe dariya. Na gwada a zaure, masu wucewa suka riƙa sallama suna tambaya ko lafiya. Sai na koma gindin rumbu bayan la'asar, da littafina da ɗan ganyen dankali. Zomon yakan fito ya zauna yana motsa hanci. In na tsaya a kan kalma ɗaya har rana ta sauka, bai taɓa nuna ya gaji ba. Daga nan matata ta fara kiransa malaminka.

A bazarar shekarar ciwo ya shigo unguwa ya share kaji, namu har da zakara. Ana cikin haka mahaifin matata ya aiko daga Gubuchi cewa yana tafe ranar Laraba.

Ta ce, "Malam, me za ka yanka wa Baba?"

Na ce zan sayo nama wajen mahauta.

"Naman kasuwa ai na kowa ne. Tunda aka kawo ni gidan nan, ya taɓa zuwa ba a yi masa yanka ba?"

Bai taɓa ba. Ta dubi gindin rumbu, ni kuma na dubi katanga.

Gaskiyarta ce, kuma na sani. Amma yankan a hannuna yake, tunda ni ne namijin gidan. Ranar Laraba da safe ta wasa wuƙa ta ajiye a kan turmi. Na ce bari in yi alwala. Na yi. Na ce bari in ba shi ruwa tukuna, ba a yanka dabba da ƙishirwa. Zomo ba shan ruwa yake da sauri ba, ni kuma ban matsa masa ba. Muna nan sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Baba ya yi sammako.

Na cire takalmi na durƙusa, muka gaisa, daga gida zuwa gona zuwa mutanen Gubuchi ɗaya bayan ɗaya. Ya shigo tsakar gida ya zauna a tabarma, kusa da turmi. Sai ga zomo ya tsallako, ya tsaya daidai ƙafarsa yana shinshina bakin rigarsa.

Baba ya ce, "Masha Allah. Wannan ya samu kiwo."

A wajenmu in babba ya yaba abinka, cewa kake yi nasa ne. Shi kuma ya ce a'a, Allah ya sa albarka, magana ta wuce. Na ce, "Ai naka ne, Baba."

Ya ce, "To, na karɓa."

Na ji ludayi ya daina motsi a madafa.

"Me yake yi a gidan?"

"Ba ya komai, Baba. Karatu nake yi masa."

"Yana ganewa?"

"Bai dai taɓa gyara mini ba."

Ya gyaɗa kai kamar ya ji hujja. Ya dubi wuƙar da ke kan turmi, ya dubi zomon, sannan ya ɗaga murya wajen madafa. 'Yar farinsa ce, ba ya kiran sunanta.

"Ke! Wannan dabbar tawa ce yanzu. Hanyarmu ba ta ɗaukar zomo a babur, zan bar shi nan amana. Kada in dawo in tarar ko kunne ɗaya ya ragu."

Daga ciki ta ce, "To, Baba."

A ranar nan, tuwo da miyar kuka ya ci, da busasshen kifi. Na ba shi wuri kamar yadda aka saba, amma kwanon ya dawo ba komai. Har yau ban sani ba ko ya gane abin da ya tarar. Suruki ba abokin tambaya ba ne.

Tun daga ranar ita ke tsinko masa ganye, ta kuma kewaye ramarta da ƙaya. In Baba ya kira waya, zomonsa yake fara tambaya kafin jikoki. Ni dai aronsa nake yi bayan la'asar. Mun gama littafi na ɗaya, ya ci gefen bangon littafin, mun shiga na biyu.