Mutumin da Ke Riƙe Bakin Yara

Ƙarfe bakwai saura kwata Baba Sito yake jingine kekensa a bayan ɗakin ajiyar makarantar sakandarenmu. Ya buɗe kwaɗo, ya fito da alli da tsintsiya ya jera a bakin ƙofa, sannan ya jawo wata durowa ya leƙa, ya mayar ya kulle. Shekara ashirin da takwas ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Shi ba malami ba ne, mai kula da kaya ne kawai da ya taɓa busa bigila a ƙuruciyarsa. Wata rana yana share-share ya tsinci tsofaffin bigila goma sha ɗaya a ƙarƙashin karyayyun kujeru, ya wanke su, ya fara koya wa yara busa bayan an tashi.

Mataimakiyar shugaban makaranta kuwa, tun ranar da aka turo ta, mutumin bai kwanta mata ba. Ta daɗe a aiki, ta ga masu sito iri-iri, kuma a saninta babu mai son 'ya'yan mutane haka kawai. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, yaran da malamai suka haƙura da su, gwanayen tsallake katanga, su ne ke zama har ƙararrawar ƙarshe, sannan su yi layi a ƙofar sito. Me yake ba su? Har shinshina numfashin biyu daga cikinsu ta yi, ba ta ji komai ba sai ƙanshin gyaɗa. Da ta leƙa ɗakin ta ga akwatunan bigila wayam, sai ta ce a ranta an zo wurin, dattijo ya sayar da kayan gwamnati.

Ana cikin haka Dogo, ɗaya daga cikin yaran da ke busa bigilar, ya daina zuwa. Ɗan ajin ƙarshe ne, kawunsa mai walda ya ja shi shago, ga shi ranar Juma'a za a rufe rajistar jarrabawar fita, kuma dole sai yaro ya zo da ƙafarsa ya dangwala yatsa. In ya wuce wannan rana, karatun shekara shida ya tafi a banza.

Ranar Litinin kawun ya zo ofis, amma ba Dogo ya kawo ba, ƙara ya kawo. Ya ce yaron ya daina magana, abinci ma sai an matsa masa, kullum yana rungume da bigilar da ba ya busawa. Da ya tambaye shi dalili, sai ya ce bakinsa yana wurin Baba Sito.

“Malama, wane irin mutum ne ke ajiye bakin ɗan mutane? A kwance masa abin da aka ɗaura masa.”

Mataimakiya ta miƙe. Ta tasa kawun gaba har sito, ta ce a buɗe durowar nan yanzu. Baba ya buɗe ba musu. 'Yan ƙananan ƙarafa ne a ciki, kowanne a naɗe cikin ƙyalle da sunan mai shi. Su ne bakin bigila, wanda ake cusawa a kan bututun kafin a busa. Ashe dokar Baba ke nan: yaro na iya tafiya gida da bigila, amma bakin yana kwana a durowa, kuma ba ya fitowa sai ga wanda ya zauna aji daga darasin farko har na ƙarshe. Kawun bai ga abin dariya ba. Ya ce a ba shi na ɗansa, Baba ya ce na makaranta ne, a makaranta ake karɓa. Mutumin ya fita a fusace yana cewa shi da ƙarfe ba baƙon juna ba ne, zai ƙera wani. Ya kuwa ƙera, aka busa, ya yi kukan tsohuwar ƙofa.

Mataimakiya ta ga taurin kan dattijo zai jawo asarar yaro, kuma har lokacin zuciyarta na ce mata da wata a ƙasa. Ranar Talata da aka tashi ta bi bayansa a hankali. Ya tsaya tsallaken titi daura da shagon walda, kusa da mai faci, ya ciro tasa bigilar ya kama taken da ake busawa a taron safe. Da ya zo inda sautin ke hawa, sai ya kwafsa. Ya sake, ya sake kwafsawa a wuri guda. Ta lura duk sanda ya ɓata wurin, wutar waldar Dogo sai ta ɗauke. Laraba ma haka aka yi, har mai faci ya roƙe shi ya canja inuwa.

Ranar Alhamis Dogo ya cire baƙin gilashinsa ya tsallako.

“Baba, ba haka ba ne. Kana sauka inda ake hawa.”

“To nuna mini.”

Yaro ya miƙa hannu, Baba ya zare bakin ya jefa aljihu, ya miƙa masa bututun.

“Gobe, bayan an tashi.”

Kawun na tsaye a ƙofar shago yana kallo. Sati uku bai ji ɗan 'yar'uwarsa ya haɗa kalma biyar ba sai yau, abin ya taɓa shi ƙwarai. Da safe shi da kansa ya ce wa Dogo ya tafi makaranta, walda ta jira yamma. Sau uku Dogo ya dangwala kafin na'ura ta karɓa, saboda ƙunar da ke babban yatsansa.

Daga baya Mataimakiya ta tsare Baba ta tambaye shi ko da gangan ya riƙa kwafsawa. Ya ce tsufa ne, numfashi ya ragu. Ba ta yarda ba, ni ma ban yarda ba, har yau ta wutsiyar ido take kallonsa.

Baba, kai ne aka zarga da sata, aka zarga da asiri, ba ka taɓa tsayawa wanke kanka ba. Kai ne ka gane cewa yaron da ya gaji da allo bai gaji da komai ba, akwai abin da zai yini a kan benci dominsa. Mun yi maka mummunan zato, ka yafe mana. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka hutu mai daɗi.

Sauran mu kuma, duk wanda ke riƙe da mabuɗin wani ɗaki a wata makaranta, ya je ya buɗe ya duba abin da ke tsatsa a ciki. Akwai yaron da ya riga ya yanke shawara ba zai zo ranar Litinin ba, kuma bai faɗa wa kowa ba.