Jajayen Kifin Maigidana

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan manta shekarar da maigidana ya haƙa tafki a bayan ɗakinmu a unguwar Nima ba.

Aikinsa kula da furanni ne a gidan wani Bature. Da Baturen zai koma ƙasarsu, kuku ya samu rediyo, direba ya samu keke, nawa mijin kuwa ya shigo gida rungume da kwalba, jajayen kifi uku suna iyo a ciki.

Na ce, "Na miya ne?"

Ya kalle ni kamar na zagi mahaifinsa. "Na kallo ne."

Daidai wurin da nake shanya ya haƙa rami, ya shafe da siminti, ya jera duwatsu, ya cika da ruwa, ya zuba kifin ciki. Kullum bayan la'asar yana tsugune yana marmasa musu burodi, har da hira. Haushi ya ishe ni, don ni ban taɓa samun irin wannan hirar ba.

Sai famfo ya ɗauke a unguwa. Kwana biyu ke nan wata tsohuwar Hajiya maƙwabciyarmu ta yi sallama da bokiti. "Malam, an ce kana da ruwa kana ba kifi. Mu 'yan Adam fa?"

A Zongo kana iya hana mutum komai, amma ban da ruwa. Ya ce ta ɗiba. Kafin azahar layin mata ya kai bakin titi. Shi kuwa yana tsaye yana ta "A hankali, don Allah, ku duba bokiti!" Ruwa na sauka, fuskarsa na sauka. Washegari ya leƙa, saura kifi biyu.

Yana cikin laluben ƙarƙashin duwatsu sai ga Hajiya da kwano a rufe, don a wurinmu ba a cin alheri a yi shiru.

"Malam, Allah ya saka. Ka ba ni ruwa, ka sa mini kifi ciki kuma. Na ce ba zan ci ni kaɗai ba."

Ta buɗe. Dokunu ne, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da barkono, ga rabin kifi soyayye a gefe.

"Amma nama babu kraa, ko kaɗan," in ji ta, "ƙaya kawai. Ka ƙara musu abinci."

Bawan Allah ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Amin, Hajiya." Na ruga ɗaki na toshe baki da zane, na yi dariya har da hawaye. Da na fito na tarar da shi zaune da kwanon a cinya bai taɓa ba, sai tausayi ya kama ni. Na kwashe biyun da suka rage na zuba a randata, aka ƙarasa kwashe tafkin har ƙasa.

Ni na tsegunta wa Hajiya gaskiya. Ta dafe ƙirji.

Ranar da famfo ya dawo, sai ga layin nan ya sake dawowa, Hajiya a gaba. Kowace mace ta juye bokitinta na farko a tafkin kafin ta kai ko ɗigo gidanta. Maigida ya juya baya, wai wani abu ya faɗa masa a ido.

Ranar na gane cewa ruwan da ka ba maƙwabci bai ɓata ba, ajiya ka yi. Igiyar shanya kuwa na ɗaura ta a wani wuri, ban sake yi masa mita ba.